Shirin Farautar Barewa a Wayomin, Daga Janairu Zuwa Oktoba

A Amurka dabbar dawa ta jama'ar jiha ce, ko da a gonar wani take kiwo. Saboda haka kowace jiha da dokokinta na farauta da farashinta, kuma kowace tana fifita ɗan gida a kan baƙo. Ni a Minisota nake zaune, a can nake ɗan shiga daji da abokan aiki a watan Nuwamba. Farautar can ta zama ce: ka hau bishiya cikin kurmi, ka jira abin da Allah zai kawo maka a tazarar yadi hamsin. Da raina ya biya wa barewar filayen yamma, sai na tarar da wata duniya dabam, wadda rabin aikinta a kan tebur ake yinsa watanni kafin a taɓa bindiga.

Barewar da nake nufi ita ce mai jan baya da farin gindi, wadda ƙahon namijin yake da ɗan reshe a gaba. Masana sun ce ba ta haɗa dangi da barewarmu ta Afirka ba, danginta mafi kusa shi ne raƙumin dawa. Tana gudun da ya kai kilomita 88 a awa, babu dabbar da ta kamo ta a nahiyar. Babu kuma jihar da ta kai Wayomin yawanta, ga shi ita ce jiha mafi ƙarancin mutane a ƙasar, ƙidayar 2020 ba ta kai su dubu 600 ba. Kowa ka tambaya inda sabon shiga zai fara, can zai nuna maka.

Wani dattijon Bature da muke aiki tare, wanda ya daɗe yana zuwa can, shi ya fara ɗora ni a hanya tun 2022. Bai yi mini maganar bindiga ba, bai yi ta takalmi ba. Cewa ya yi in shiga shafin hukumar namun daji da kifi ta Wayomin in sayi maki kafin ƙarshen Oktoba. Makin barewa dala 31 ne ga baƙo, ɗaya tak ake sayar wa mutum a shekara, daga 1 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba. Ba ya ba ka izinin harbin komai, wurinka ne a layi. In kuma ka yi shekara biyu a jere ba ka saya ba, ba ka nema ba, duk abin da ka tara ya zube. Na saya a shekarar, na sake saya a 2023, sannan na zauna in fahimci yadda ake rabon.

Ga yadda lissafin yake. An yanka jihar yanki-yanki, kowane da lambarsa da adadin lasisin da za a bayar a cikinsa. Baƙi suna da kashi 20 cikin 100. Wannan kason kuma an raba shi gida biyu: kashi 60 na farashin kowa da kowa, kashi 40 na masu biyan tsada don su rage abokan takara. A cikin kowane gida, kashi 75 na masu maki mafi yawa ne, sauran 25 ɗin ƙuri'a ce zalla, ko ba ka da maki ko ɗaya kana iya dacewa. A 2024 lasisin kowa da kowa dala 326 ne, na tsadar kuwa an ɗaga shi daga 614 zuwa 1,200. A ganina wanda bai taɓa taka jihar ba, ba shi da dalilin zuba dala 1,200 a kan dabbar da namanta bai kai kilo ashirin ba. Ya bar wa masu neman ƙahon rataye a bango.

Na kuma shigo a lokacin tsanani. Hunturun 2022 zuwa 2023 ya yi ɓarna ƙwarai a kudu da yammacin jihar. Dusar ƙanƙara ta rufe abinci wata da watanni, ga ciwon huhu da ya faɗa wa garken da ke wajen Pinedale, barewa ta mutu da dubbai. Hukumar ta zaftare lasisi, musamman na mata, don garke ya farfaɗo. Duk alƙaluman shekarun baya da mutane ke yawo da su a intanet sun tashi daga aiki. Na shekarar da ta gabata kaɗai na dogara da su, kuma hukumar tana wallafa su yanki-yanki: lasisi nawa aka bayar, mutum nawa suka nema, da maki nawa aka tsaya.

Kafin in tura kuɗi akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ka biya, a jefa ƙuri'a, wani ya samu wani ya rasa. Bayan sallar Juma'a na tare limaminmu a bakin masallaci.

"Allah ya gafarta Malam, wannan abin bai shiga caca ba kuwa?"

Ya tambaye ni ko wanda ya rasa ana mayar masa da kuɗinsa. Na ce ana mayarwa, ban da dala 15 ta cike takarda. Ya ce to wannan rabo ne aka yi da ƙuri'a don masu nema sun fi abin yawa, ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Tun da na same shi, na haɗa da tambayar yanka. Ya ce in ambaci sunan Allah lokacin sakin harsashi. In na iske ta da sauran rai in yanka, in kuwa harbin ya riga ya ƙarasa ta, ta halatta.

Ba ni kaɗai zan tafi ba. Akwai wani yayanmu ɗan Maraɗi, direban babbar mota, wanda tun yana yaro yake bin mafarauta da karnuka. Shi ba shi da maki. Ana iya nema a ƙungiya har mutum shida, ko ku samu tare ko ku rasa tare, amma sai a haɗa makinku a raba daidai, ka ga nawa biyun zai koma ɗaya. Na rasa yadda zan faɗa masa, sai shi ya sauƙaƙa mini.

"Kai ƙanena, ni ƙaho zan dafa? Nemo mini na macen."

Lasisin mace ko ɗan ƙarami dala 34 ne kacal, ba ruwansa da maki, ƙuri'a ce kawai. Muka tsaya a kan haka: ni in nemi wanda ya halatta kowace barewa, shi ya nemi na mace, a yanki ɗaya. Mu biyun muna da katin zama na dindindin, don haka riƙe bindiga bai zame mana matsala ba. Mai bizar karatu ko ta ziyara ya sani cewa dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai in yana da lasisin farauta mai aiki a hannunsa, kuma gara ya tabbatar da matsayinsa kafin ya ari ta wani.

Zaɓen yanki shi ne ainihin aikin, a nan na fi daɗewa. Yankin da ke da sauƙin samu, akwai dalili. A jerin hukumar za ka ga wasu an sa musu ɗan tauraro, ma'ana wurin da jama'a ke iya shiga kaɗan ne. Barewa tana nan birjik, kana hango ta daga titi, amma a bayan wayar wani take. Araha ba ta ado. Yankunan da ke da faffaɗan filin gwamnati kuwa, irin na hamadar kudu maso yamma wajen Rawlins da Rock Springs, makin da ake nema ya fi ƙarfin sabon shiga nesa ba kusa ba. Mai maki biyu a tsakiya zai lalubo, yankin da ba kowa ke rububinsa ba amma yana da 'yan filayen da za a iya takawa.

Sai na koyi karatun taswira da launi. Rawaya filin BLM ne, wato hukumar tarayya mai kula da filayen gwamnati, shuɗi na jiha, kore na hukumar gandun daji, fari na masu zaman kansu. Kusan rabin Wayomin na gwamnatin tarayya ne, sai ka ɗauka an gama magana. Ina! Filin gwamnati ba ya amfane ka sai in hanyar jama'a ta taɓa shi. Za ka ga eka dubbai rawaya shar, gonakin kiwo sun zagaye su ta ko'ina, hanyar da ta shiga kuma ta mai gonar ce. Na sayi manhajar onX Hunt wadda ke nuna iyakoki da sunan mai kowane fili, na kuma nemi taswirar hanyoyin ƙaramar hukumar, domin ba duk layin da ka gani a waya ne hanyar jama'a ba. Dare bayan dare ina bin kowace hanya da yatsa, ina sa alama duk inda ta ratsa rawaya ko shuɗi, ko da murabba'in mil ɗaya ne, wato eka 640.

A kudancin jihar akwai wani abin mamaki. Tun shekarun 1860, da za a shimfiɗa layin dogo na Union Pacific, gwamnati ta ba kamfanin fili tsallake-tsallake har mil ashirin kowane gefe, ɗaya nasa ɗaya nata. A taswira sai ka ga wurin kamar gidajen dara. Filayen gwamnati biyu ba sa haɗuwa sai a kusurwa, kuma an daɗe ana jayayya ko mutum na iya ɗaga ƙafa daga wannan ya sauke a wancan. Wasu mafarauta huɗu daga Mizuri sun yi haka a dutsen Elk, mai gonar ya kai su ƙara, suka yi nasara a kotun tarayya a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a watan Maris na 2025. Lokacin da nake shirina maganar tana gaban alƙalai, kuma ni baƙar fata mai baƙon harshe, da bindiga a kafaɗa, ba ni ne zan je gwada doka a kusurwar gonar wani ba. Na bar kudu gaba ɗaya na koma gabas. A Wayomin mai gona ba dole ne ya kafa allon gargaɗi ba, kai ne da alhakin sanin inda ƙafarka take.

Da na rage zuwa yankuna uku, sai na kira ofishin hukumar na shiyyar aka haɗa ni da malamin dajin wurin. Dattijon nan ya riga ya gargaɗe ni kada in tambaye shi ina barewa take, don kowa haka yake tambaya kuma ba ya samun amsar kirki. Na ce masa ga hanya kaza, ga fili kaza da nake gani shuɗi, shin ƙofar da ke bakin hanyar a buɗe take? Nan take muryarsa ta sake. Ya ce ɗayan filin kamfanin mai ya cika shi da manyan motoci, ɗayan kuma ranar buɗewa sai ka rantse kasuwa ce, amma in na haƙura zuwa tsakiyar mako zan same shi fayau. Ya ƙara da cewa in aka yi ruwa kada in kuskura in sauka daga kan tsakuwa, don yumɓun wurin yana kama taya ya mayar da ita sulɓi. Lambar yankin da na zaɓa kam ba zan faɗa ba. Mafarauta a ko'ina ba sa nuna raminsu.

Ana buɗe nema a farkon Janairu, a rufe 31 ga Mayu. Na jira har Mayu, lokacin da aka tabbatar da adadin lasisin shekarar. Ana ba ka zaɓi uku, amma maki a kan na farko kaɗai yake aiki, in ka samu na biyu makinka yana nan. Kuɗin kuma gaba ɗaya ake cira daga katinka ranar da ka nema.

Akwai wata ƙa'ida da ta kusa wuce mutane irina. A Minisota wanda aka haifa kafin 1980 ba a tambayarsa takardar koyon kiyaye bindiga. A Wayomin kuwa duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1966 zuwa yau sai ya riƙe ta a daji. Mu biyun 'yan shekarun 1970 ne, sai muka yi kwas ɗin jiharmu ta intanet, Wayomin tana karɓar na kowace jiha. Ga kuma tambarin kiyaye daji na dala 21.50 da kowa zai saya daban.

Bayan tsakiyar Yuni sakamako ya fito, mun samu mu duka. Na kira Yaya yana kan hanya wajen Nebraska, ya yi ta kabbara a waya.

Daga nan sai neman ƙarin wuri. Hukumar tana da tsarin da take biyan masu gona su buɗe wa mafarauta filinsu, wasu a shiga da ƙafa ba tare da neman izini ba, wasu sai an ciro takarda a shafinta. Taswirarsu tana fitowa cikin damina, na sami biyu a yankinmu. Na kuma buga wa wasu masu gonakin kiwo waya. Yawancinsu sun ba da hayar filin ga masu kai mutane farauta da kuɗi, wasu ba su ɗaga ba. Wata tsohuwa ce ta saurare ni har ƙarshe. Namiji kam, ta ce, jikokinta ke harbi, amma matan sun addabi gonar ciyawarta, in muna so mu zo. Ka ga lasisin Yaya mai arha shi ya buɗe mana ƙofar da nawa bai buɗe ba. Doka ta ce izinin ya zama da shaida, don haka muka shirya za ta sa hannu a kan lasisinsa.

Watannin Agusta da Satumba na filin gwajin harbi ne. Bindigata .243 ce, ta wadatar, ba a bukatar babba. Abin da ake bukata shi ne nisa, domin a fili fetal da wuya barewa ta bari ka matso ƙasa da yadi ɗari biyu. Idonta ya fi naka, tana ganin kusan ko'ina ba tare da ta juya kai ba. Na daidaita madubin bindigar a yadi 200, na bar harbi a kan tebur, na koma yi a kwance da a zaune da sandunan dogarawa, har na san iyakata yadi 300 ce in babu iska. A Wayomin kuwa ranar da babu iska abin a yi sadaka ne. Na sayi na'urar auna nisa, na ari madubin hangen nesa mai kyau. Na haɗa da hula mai ruwan lemo mai ƙyalli, don doka ta ce a sa aƙalla tufa ɗaya mai wannan launi ko ruwan hoda. Dattijon ya ƙara mini abu biyu da ban yi tunaninsu ba, safar hannu ta fata da matashin gwiwa, saboda wata gajeriyar ƙaya mai faɗin ganye da ke shimfiɗe a ƙasa inda za ka yi rarrafe.

Uwargida ba ta so tafiyar ba. "Baban yara, ku biyu baƙaƙe da bindigogi a garin da ba ku san kowa ba?" Ban ce ba ta da gaskiya ba. Na rubuta mata sunan masaukin da lambar ofishin hukumar, na nuna mata inda za mu riƙa ajiye mota. Masaukin tun Yuli na kama shi, don ƙananan garuruwan nan ɗakunansu kaɗan ne, ga ma'aikatan mai da na kwal, ga mafarauta. Ana iya kafa tanti kyauta a filin BLM har kwana 14, amma ba a kwana a filin jiha, mu kuwa yawancin wurarenmu shuɗi ne.

Ƙarshen Satumba muka kama hanya, bindigogi ba harsashi a ciki, kulle cikin akwatunansu, manyan kuloli biyu cike da jarkokin ruwan da muka daskarar. Babbar hanya ta 90 ce ta ratsa da mu Dakota ta Kudu, muka haye kogin Mizuri a Chamberlain, agogo ya koma baya da awa ɗaya, muka wuce Rapid City, muka shiga Wayomin da almuru. Tafiyar yini ce cur. Washegari ba mu harba komai ba, lokaci bai buɗe ba sai 1 ga Oktoba. Mun bi alamomin taswirata ɗaya bayan ɗaya, na riga na sauke ta a waya don babu sabis a yawancin wurin. Wasu filayen da suka yi kyau a allo ba ko tsiro, wani kuma ɗan ƙarami da na raina yana da tafki a bayan tudu da sawu ko'ina. Yaya ya murza ganyen gajeren itacen da ya rufe filin ya shinshina, ya ce tazargade. Danginta ne kuwa, kuma shi ne abincin barewar in sanyi ya shigo. Muka je muka gai da tsohuwar da ledar dabino, ta sa hannu, ta nuna mana ƙofar da za mu rufe bayanmu.

Ana fara harbi rabin awa kafin fitowar rana, don haka a gefen mota muke sallar asuba, raɓa ta daskare a kan ciyawa, kafin azahar kuma mutum ya tuɓe rigar sanyi. Yaya ya fara samu a gonar ciyawar. Ya daɗe yana dubawa kafin ya harba, saboda wasu matan suna da ɗan ƙaho, abin da ke raba su shi ne baƙin tabo a ƙarƙashin kunnen namiji. Nawa sai tsakiyar mako, kamar yadda malamin dajin ya faɗa, a ɗan filin nan mai tafki. Mun hango garken daga nesa, muka bar mota a bayan tudu, muka bi wani kwari a sunkuye, ƙarshen kuma da rarrafe, iska tana dukan fuskarmu. Na'ura ta nuna yadi 230. Na duba waya na tabbatar ni da namijin da na zaɓa duk muna cikin shuɗi, na jira ya ba ni gefe, na yi bisimilla. Da muka isa da sauran motsi, Yaya ya juya shi gabas maso arewa ya yanka.

Kafin a ɗaga dabba daga wurin sai an cire takardar da ke jikin lasisi, a sa hannu, a yanke rana da wata. Ta Yaya mun bar shaidar cewa mace ce a jikin naman, mun kuma ba tsohuwar ɗan ɓangaren lasisin da mai gona ke kai wa hukuma a biya shi. Masu cewa naman barewar nan yana wari, yawanci sun bar ta ne da fatarta a bayan mota cikin rana. Gashinta yana riƙe zafi, ga shi yana zuba da an taɓa. Mu a nan take muka feɗe, muka raba cinyoyi da kafaɗu, muka zare naman gadon baya da na ciki, muka ɗauki hanta da zuciya, cikin jakunkunan yadi zuwa kan ƙanƙara. Barin naman da ake ci a daji laifi ne a dokar jihar.

A hanyar dawowa mun tarar da shingen binciken hukumar, wanda dole kowane mafarauci ya tsaya ko bai samu komai ba. Wata matashiyar ma'aikaciya ta duba takardunmu, ta buɗe bakin namijin da na harba ta kalli haƙora ta ce ya kai shekara huɗu. Makina biyu sun tafi da wannan lasisin, ga shi ranar 31 ga Oktoba ake rufe sayarwa, kuma wanda ya samu zaɓinsa na farko sai shekara ta zagayo yake fara sabon tari. Yaya kuwa, da bai taɓa sayen maki ba, muna tsayawa shan mai a Rapid City ya miƙo mini wayarsa ya ce in saya masa na farko.